BINCIKEN KAI: MABUƊIN SALAMA A GIDA DA JIN DAƊI A WURIN AIKI

Darasin Iyali

Karatu: Haggai 1:1-15 da Galatiyawa 6:1-5
Ayar haddacewa: Makoki 3:40
Manufa: Domin kowane mai bi ya ga muhimmancin auna kansa a gaban Allah a kai a kai, ya kuma san yadda zai yi haka a gidansa da wurin aikinsa.

GABATARWA



Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tashar mota ya ga abin da direban kirki yake yi kafin a fara lodi. Yakan duba baƙin mai da ruwa, ya zagaya ya bubbuga tayoyi, ya taka birki ya ji. Motar lafiya ta kwana, amma ba ya dogara ga lafiyar jiya, gama ya san rayukan mutane zai ɗauka. Haka ma mai shago. In ya rufe da dare yakan zauna ya ƙirga ciniki, ya ware uwar kuɗi daga riba, ya rubuta bashi. Ɗan kasuwar da ya shekara bai yi lissafi ba, wata rana zai wayi gari ya tarar ya cinye jarinsa, alhali yana tsammani riba yake ci.

Abin mamaki shi ne, muna duba mota, muna duba shago, muna zagaya gona, amma da yawa cikinmu sukan yi shekaru ba su zauna sun duba zuciyarsu ba.

Ni kaina na taɓa faɗawa cikin wannan. Lokacin da nake koyarwa a wata makarantar sakandare, aikin ya fita mini a rai ƙwarai. Na ɗora laifin a kan shugaban makaranta, da jinkirin albashi, da taurin kan ɗalibai. Wata rana da dare uwargida ta ce mini, “Maigida, ka lura kuwa yara sukan gudu ɗaki da zarar sun ji ƙarar babur ɗinka?” Maganar ta hana ni barci. Da na zauna a gaban Allah na bi sawun ɓacin raina, sai na tarar ya soma ne tun ranar da aka yi wa wani da na girme shi a aiki ƙarin girma. Kishi ne. Daga nan na daina shirya darasi da kyau, ɗalibai suka daina saurare, ni kuma na ƙara fushi, na riƙa kwaso fushin ina kawowa gida. Jinkirin albashi gaskiya ne, amma ba shi ne ya kori yarana zuwa ɗaki ba.

1. MENE NE BINCIKEN KAI?

Binciken kai shi ne mutum ya keɓe lokaci, ya natsu, ya bi tunaninsa da maganganunsa da ayyukansa, ya auna su da Maganar Allah, da niyyar godiya inda ya ga alheri, da tuba da gyara inda ya ga kuskure.

A lura da ma'auni. Mai bi ba ya auna kansa da maƙwabcinsa, ko da abin da zuciyarsa ta gaya masa. Annabi Irmiya ya gargaɗe mu cewa zuciyar ɗan adam tana da yaudara ƙwarai (17:9), ita ce takan wanke mu ta shafa wa wani laifi. Hausawa ma sun ce laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani. Saboda haka Dawuda, a ƙarshen Zabura 139, ya roƙi Allah da kansa ya yi masa binciken. Yakubu kuma ya kamanta Maganar Allah da madubi (1:23-25), ya nuna wautar wanda ya dubi fuskarsa ya tafi bai gyara komai ba.

2. ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA KOYA MANA

Mu fara da karatunmu. A shekara ta biyu ta sarautar Dariyus sarkin Farisa, wato shekara 520 kafin haihuwar Almasihu, Yahudawan da suka komo daga bauta a Babila suna ta fama da aiki. Suna shuka da yawa, girbi kaɗan. Suna ci ba sa ƙoshi. Ma'aikaci yakan karɓi ladansa, kuɗin ya zurare kamar an zuba a jakar da ɓera ya ci. Ba ragwaye ba ne, mutane ne masu ƙwazo waɗanda aikinsu ba ya ƙosar da su. Allah bai ce musu su ƙara ƙoƙari ba. Sau biyu (aya 5 da 7) ya umarce su su tsaya su dubi hanyar da suke bi. Da suka duba, sai suka ga sun ƙawata gidajensu sun bar Haikalin Allah kango. Saƙon ya zo a rana ta farko ga watan shida, a rana ta 24 ga watan kuwa sun riga sun kama aikin gini. Bincike na gaskiya ba ya daɗewa bai haifi aiki ba.

Musa kuma fa? A Fitowa 18 mun gan shi yana zaune yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma, shi kaɗai. Aiki mai kyau ne, amma hanyar za ta kashe shi. Bai gane ba sai da surukinsa Yetro ya zo ya duba, ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni na dubu dubu, da ɗari ɗari, da hamsin hamsin, da goma goma. Musa ya saurara. Wannan ya koya mana cewa wani lokaci Allah yakan yi amfani da idon wani don ya nuna mana abin da ba mu gani.

Ubangijinmu Yesu da kansa yakan tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a (Markus 1:35). Sa'ad da manzanni suka komo daga wa'azi, sai suka zauna suka ba shi labarin dukan abin da suka yi da abin da suka koyar, shi kuwa ya janye su gefe su huta, domin jama'a sun hana su ko cin abinci (Markus 6:30-31). Ɓataccen ɗan nan na Luka 15 ma, komowarsa gida ta soma ne a ranar da ya zauna a cikin aladu ya yi wa kansa magana ta gaskiya.

Manzo Bulus ya mai da wannan umarni. Ya ce mu gwada kanmu game da bangaskiya (2 Korantiyawa 13:5), mu auna kanmu kafin mu ci Jibin Ubangiji (1 Korantiyawa 11:28), kowa kuma ya gwada aikin hannunsa ba tare da jera kansa da wani ba (Galatiyawa 6:4).

3. WAƊANDA SUKA RIGA MU

Ikkilisiya ta daɗe da sanin wannan. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ɗan Afirka kamarmu, ya rubuta littafin furcin zunubansa wajen shekarar 400, inda ya bi rayuwarsa tun daga ƙuruciya a gaban Allah, har da satar 'ya'yan itace da ya yi yana yaro. Ignatius na Loyola, mutumin Sifen, tsohon soja ne da aka ji wa rauni a yaƙi a 1521. A littafinsa na horon ruhaniya da aka buga a 1548 ya tsara binciken lamiri mataki biyar: godiya, roƙon haske, bin ranar sa'a sa'a, neman gafara, da ƙudurin gyara. Jonathan Edwards na Amurka, yana saurayi ɗan kimanin shekara 19, ya rubuta wa kansa ƙudurori 70 tsakanin 1722 da 1723, ya kuma ɗauki alkawarin karanta su sau ɗaya kowane mako. A Ingila, John Wesley da ƙanensa Charles da abokansu sun fara taruwa a Jami'ar Oxford a 1729, suna auna kansu da jerin tambayoyi. Daga baya, tun daga 1742, Wesley ya rarraba masu bi ƙungiya ƙungiya na wajen mutum 12, suna saduwa kowane mako suna tambayar juna halin da ransu yake ciki.

Waɗannan mutane ba ɗarikarsu ɗaya ba, ba zamaninsu ɗaya ba, dukansu kuwa masu aiki ne tuƙuru. Abin da ya haɗa su shi ne, ba su bar binciken kai sai ranar da suka ga dama ba. Sun sa masa lokaci.

4. AMFANINSA GA LAFIYAR JIKI DA TA RAI

Rayuwa ta yi tsada. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota da na abinci suka hau. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma kowane magidanci ya san inda wannan kuɗi yake tsayawa. Don haka mutane da yawa suna haɗa aiki biyu ko uku. Wanda yake zaune a Mararaba ko Nyanya yana aiki a cikin Abuja, ko ɗan'uwanmu da yake Agege yana aiki a tsibirin Legas, yakan fita yara suna barci, ya dawo suna barci.

Wannan yana da farashi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da rahoto cewa yin aiki awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Sun ce mai irin wannan aiki, hatsarin shanyewar jiki a gare shi ya fi na mai aikin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. Tun a 2019 kuma hukumar ta bayyana irin gajiyar nan da matsin aiki yake kawowa in ya daɗe, ta ba ta alamu uku: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga ran mutum har ya riƙa raina shi, da raguwar ingancin abin da yake yi.

Irin wannan gajiya ba ta zuwa rana ɗaya. Kamar wuta-wuta take a gonar dawa, tana shan jinin shukar a ƙarƙashin ƙasa tun kafin furenta ya fito. Mai binciken kansa yakan lura da wuri: barcina ya ragu, ƙaramin abu yana fusata ni, na daina addu'a, kaina yana yawan ciwo. Rigakafi ya fi magani.

Mu tuna da annabi Iliya (1 Sarakuna 19). Bayan babbar nasara a Dutsen Karmel ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Allah ya fara ba shi abinci da ruwa da barci. Bayan haka, a Horeb, ya tambaye shi sau biyu abin da ya kawo shi wurin. Iliya yana ganin shi kaɗai ya rage, Allah kuwa ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su yi wa Ba'al sujada ba, ya kuma ba shi Elisha. Wani lokaci abin da bincike zai nuna maka ba zunubi ba ne, gajiya ce da kaɗaici. Maganinta hutu ne da zumunci, in ta kama kuma a je asibiti a auna jini. Zuwa wurin likita ba rashin bangaskiya ba ne.

5. AMFANINSA GA AIKINMU

Mai Hadishi ya koyar cewa mutum ya ji daɗin wahalarsa baiwa ce daga Allah (3:13, 5:19). Binciken kai yana taimakon mu mu karɓi wannan baiwa ta hanyoyi huɗu.

Na fari, yana tuna mana wanda muke yi wa aiki. Bulus ya rubuta wa bayi, mutanen da ba su da albashi ko kaɗan, cewa su yi aikinsu da zuciya ɗaya domin Ubangiji ne shugabansu na ainihi (Kolosiyawa 3:23-24). Ma'aikaciyar jinya, da makanike, da mai sayar da tumatir, da uwar da take renon yara a gida, in suka tuna da wannan, aikinsu ya sami daraja ko da ba wanda ya yaba.

Na biyu, yana raba mana abin da yake hannunmu da abin da ba ya hannunmu. Ba ni da iko a kan ranar biyan albashi, amma shirya darasi yana hannuna. Da na koma shirya darasi, na kuma je na taya abokin aikina murna da gaske, albashi bai ƙaru ba, amma aji ya gyaru, gida ma ya gyaru.

Na uku, yana tsare lamiri. Yahaya Mai Baftisma ya gaya wa masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da ƙa'ida, sojoji kuma kada su yi ƙwace ko sharri, su gamsu da albashinsu (Luka 3:12-14). Cin hanci, da tauye mudu, da sa hannu a rajista a sulale a tafi, duk da kaɗan kaɗan suke farawa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Mai ɓoye wani abu a wurin aiki ba zai taɓa jin daɗin aikin ba, kullum cikin fargaba yake. Masu ɗaukar ma'aikata ma su binciki kansu. Yarinyar da take yi miki aiki a gida, da yaron shagonka, da 'yan ƙodagon gonarka, an biya su a kan lokaci? Yakubu 5:4 ya nuna cewa hakkin da aka danne yana kai ƙara wurin Allah.

Na huɗu, yana taimakon mu mu yanke shawara da hankali. Wani in ya bincika zai ga matsalar tana zuciyarsa, ko ya canja aiki sau goma za ta bi shi. Wani kuma zai ga aikin ne yake tilasta masa yin ƙarya, ko yake rushe aurensa, lokaci ya yi da zai fara addu'a da shirin neman wani. Binciken kai ba ya hana ma'aikaci neman hakkinsa ta hanyar da ta dace. Yana sa ya nema da tsabtar zuciya.

6. GARGAƊI

Akwai bambanci tsakanin binciken kai da tuhumar kai. Bitrus da Yahuza dukansu sun yi wa Ubangiji laifi a dare ɗaya, dukansu kuma sun gane laifinsu. Bitrus ya yi kuka mai zafi, ya komo wurin Yesu, aka maido shi bakin aiki (Yahaya 21). Yahuza ya zauna da laifinsa shi kaɗai har ya hallaka kansa (Matiyu 27:3-5). Bulus ya bambanta baƙin cikin da yake kai ga tuba da wanda yake kai ga mutuwa (2 Korantiyawa 7:10).

Ga yadda za ka gane. Binciken da Ruhu Mai Tsarki yake bi da shi yakan nuna abu takamaimai: ka yi wa matarka tsawa a gaban yara, je ka ba ta haƙuri. Tuhumar Shaiɗan kuwa ba ta da iyaka: kai ba ka da amfani, ba za ka taɓa gyaruwa ba. Na farko yana ƙarewa a gindin gicciye, mutum ya kwanta da salama bisa ga alkawarin 1 Yahaya 1:9. Na biyu yana ta juyawa ba ya ƙarewa. Wanda ya ga baƙin ciki ya danne shi makonni, ba ci ba barci, ko tunanin kashe kansa yana zo masa, kada ya yi shiru. Ya gaya wa fasto ko wani amintacce, ya kuma ga likita ba tare da jinkiri ba.

7. YADDA ZA MU YI

Kowace rana: Ka ware minti 10 zuwa 15 kafin barci, ka kashe waya da talabijin. Ka fara da godiya, ka ambaci abu uku da Allah ya yi maka yau. Ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya ba ka haske. Ka bi ranar tun daga safe: Wa na ɓata wa rai? Me ya fusata ni, me ya sa? Na yi aikin da aka biya ni domin in yi? Ka furta abin da ka gani, ka zaɓi abu ɗaya da za ka gyara gobe. Abu ɗaya ya isa. In kana iya rubutu, ka ajiye ƙaramin littafi.

Kowane mako: Ranar Asabar da yamma, miji da mata su zauna kafin sujadar Lahadi. Kowa ya fara da nasa laifi. A duba kuɗin da ya shigo da wanda ya fita, a duba lokacin da aka ba yara. Wannan ba kotu ba ce, kada a tono abin da aka riga aka yafe.

A lokacin addu'ar iyali: A tambayi yara abin da ya faranta musu rai yau, da abin da suke so Allah ya gafarta musu. Kada a tilasta, kada kuma a hukunta yaro a kan abin da ya furta da kansa. Uban da ya iya ce wa ɗansa, “Ɗana, na yi maka faɗa ba da laifinka ba, ka yi haƙuri,” ya koya masa darasin da ya fi wa'azi goma.

Kowane wata uku: Ka sami wani dattijo, ko aboki a Zumuntar Maza, ko 'yar'uwa a Zumuntar Mata, mai riƙon asiri, ka ba shi izini ya gaya maka gaskiya. Dawuda ya yi watanni da zunubinsa a rufe sai da Natan ya zo (2 Sama'ila 12). Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Me ya sa mutanen zamanin Haggai ba su ƙoshi da aikinsu ba? Akwai irin wannan a gidanmu?
2. Wane ne Yetro ko Natan a rayuwarka? Yaushe rabonka da ka saurare shi?
3. A cikin abubuwan da suke damunka a wurin aiki, waɗanne ne suke hannunka?
4. Yaya iyalinka suke ji in sun ji motsin dawowarka gida?

KAMMALAWA

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kai ma rayuka kake ɗauke da su: matarka, mijinki, yaranku, da waɗanda suke cin moriyar aikinku. Kada a jira sai mota ta tsaya a daji. A fara yau da dare.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai ka san mu fiye da yadda muka san kanmu. Ka ba mu ƙarfin hali mu tsaya a gabanka ba tare da ɓoye komai ba. Ka nuna mana alherinka domin mu gode, ka nuna mana laifinmu domin mu tuba. Ka albarkaci aikin hannuwanmu, ka sa gidajenmu su zama wurin salama. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.